Alhajin da Na Ƙirƙiro a Waƙar Bikin Ƙanwata

Shekarun baya, da aka sa ranar auren ƙanwata, ni aka ɗora wa nauyin waƙar biki. Kun dai san yadda ake yi a Kano: a je situdiyo, a ba mawaƙi sunan ango da amarya da na dangi, ya jera su cikin kiɗa, a yi ta sawa tun daga kamu har kai amarya. Daɗi ya kashe ni. Lokacin ban daɗe da samun aikin kula da sito a Bompai ba, kullum riga a goge, katin aiki a wuya ko da ranar Lahadi ce. A ganina duk gidanmu babu wayayye kamata.

Situdiyon wani ɗan ɗaki ne a Sharada, an manne bangonsa da soso. Mawaƙin ya ɗauko takarda yana tambaya ina ba shi amsa, har ya ce, "Uban amarya fa, mece ce sana'arsa?"

Mahaifina tun kafin a haife ni yake aiki a kamfanin fata a Challawa. Shi da abokansa ke tsamo ɗanyar fata daga ramin jiƙo, kuma warin ba ya barin mutum ko ya yi wanka uku. Na sha ganin ana matsawa idan ya shiga adaidaita sahu. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Alhaji ne, babban ɗan kasuwa. Harkar fata yake, har ƙasashen waje." Mutumin da ko filin jirgi bai taɓa shiga ba!

Waƙa kuwa ta fito zam. Aka ba Alhaji motoci, aka ba shi benaye, aka ce Turawa na layi a ƙofarsa. Ranar Alhamis da la'asar, saura kwana biyu ɗaurin aure, na shigo gida ina taku ɗai-ɗai, na kunna ta a tsakar gida. Mahaifiyata ta rangaɗa guɗa, ƙawayen amarya suka miƙe da rawa. Baba na kan tabarma, dawowarsa ke nan daga aiki. Ya saurara har ƙarshe.

"Waƙa ta yi daɗi," in ji shi. "Amma wannan Alhajin, an kai masa goron gayyata kuwa? Kada a ce mun raina manya."

Kowa ya fashe da dariya, ban da ni. Da dariyar ta lafa sai ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Jibi abokan aikina za su cika ƙofar gidan nan. In suka ji wannan, cewa za su yi 'yata na jin kunyar ubanta. Ni na san ba ita ba ce." Ya kaɗe rigarsa ya miƙe. "Ku sa waƙarku. Ni ana shafa fatiha zan shige ɗaki."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙanwata ta biyo ni zaure tana hawaye, ta ce, "Yaya, in Baba ba zai zauna cikin mutanensa ranar aurena ba, ni ba na son waƙar, ba na son bikin ma."

Washegari da sassafe ina ƙofar situdiyo, amma ba a buɗe ba sai wajen sha biyun rana. Na faɗa wa mawaƙin gaskiya, kaina a ƙasa. Ya yi dariya har da buga cinya. Ashe shi ma mahaifinsa a masaƙa ya yi aiki har aka rufe ta. Ya ce, "Yayan amarya, kullum Alhazai ake kawo min, har na ƙosa. Tashi mu je in ga mutumin nan a inda yake."

Muka haye babur ɗinsa sai Challawa. Muna isa jiniyar kamfani ta ɗauka, ma'aikata suka ɓarko za su tafi sallar Juma'a, wasu ko takalmin roba ba su cire ba. Mawaƙin ya ɗaga waya sama yana naɗar kukan jiniyar, ni kuma na laɓe bayan mai rake don kada Baba ya hango ni. Wani dattijo ɗan Nijar, aminin Baba, shi ya gane ni. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya yafito mutum biyar suka kewaye mu.

Ranar na ji labarin ubana a bakin wasu. Wai da shafawa kawai yake sanin fatar da za ta yi kyau, ido a rufe. Wai duk sabon ma'aikacin da ya zo daga ƙauye, a kwanon Baba yake cin abinci har ya kama ƙasa. Mawaƙin ya tambaya ko suna waƙa in suna aiki. Dattijon ya ce, "Waƙa kuma? A'a. In dai fata ta yi nauyi, ɗaya ya ce, 'A ɗaga!' sauran su ce, 'Ta ɗagu!' Shi ke nan." Mawaƙin ya daka tsalle ya ce, "Baba, ai kun gama min aiki, ga amshi nan!" Kafin magariba an sake waƙa daga tushe, kuma ban bari kowa ya ji ta a gida ba.

Ranar Asabar aka ɗaura aure, aka dawo ƙarƙashin rumfa a ƙofar gidanmu a Kumbotso, aka fara fito da abinci. Na ga Baba ya tattara babbar rigarsa ya nufi zaure. Na yi maza na kunna sabuwar waƙar.

Jiniya ta tashi a lasifika. Duk mutanen Challawa suka waiga a tare, har wani ya ajiye cokali ya duba agogo. Sai kiɗa ya shigo, muryar mawaƙin ta biyo:

"Uban amarya mai riga zakara tashi,
Fata ta san hannunsa, Challawa ta san takunsa,
Da gumi ya rene ta, yau ga ta an kai ta."

Da ya ce "A ɗaga!", rumfa gaba ɗaya ta amsa, "Ta ɗagu!" Dattijon nan ya cilla hularsa sama. Baba ya tsaya cak a bakin zaure, ya juyo. Kafin ya ankara sun zaunar da shi a kujera, sun ɗaga shi sama da kujerar duka, suna zagaya rumfa. Yana ta cewa, "Ku sauke ni, surukai na kallo!" amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Daga cikin gida guɗa kawai kake ji. Da suka dire shi ya neme ni da ido, ya ce, "Kai, sake sa ta." Bai bar rumfar nan ba sai da aka kira la'asar.

Ni da nake ɗauka waƙar biki ado ce kawai, abin da ya fi ƙyalli shi ya fi, ranar na gane mutane na tashi ne ga waƙar da suka ji kansu a ciki. Kuma daga nan ta fi ƙarfinmu. Ta bi wayoyi ta zaga kamfanoni, wasu ma suka yanke wurin sunayenmu suka bar sauran.

Kwanakin baya na shiga adaidaita daga Bompai, sai ga ta direba ya sa. Wani saurayi kusa da ni ya taɓa ni, fuskarsa cike da alfahari, ya ce, "Malam, ka san waƙar nan don babana aka yi ta? A Challawa yake aiki."

Na buɗe baki zan gyara masa, sai na fasa. Na ce, "Ai daga ji ka san shi ne. Allah Ya ƙara masa lafiya."