Gurbin Suna a Shafin Lambu

Lambun surukina yana wani ƙauye a ƙasar Gwaram, a gefen fadama. Mu kuma muna zaune a Birnin Kudu, inda maigidana yake tuƙa motar haya zuwa Kano. Tun kafin a kawo ni gidan, sana'ar Baba renon dashe ce. Zai binne ƙwallon mangwaro a baƙar leda, in ya tsiro ya kai kaurin yatsa sai ya yi masa aure da reshen mai daɗi, ya naɗe wurin a hankali kamar mai ɗaure cibiyar jariri. Yana kuma renon gwaiba da lemo.

Akwai shekarar da dashen ya yi kyau fiye da kullum, amma masu saye ba su zo ba. Tsofaffin abokan cinikinsa wasu sun rasu, wasu gonakinsu sun cika. Ruwa ya sauka, saiwa ta fara huda leda tana neman ƙasa, kuma in ta kama ƙasa, cire dashen sai an ji masa ciwo. Sai 'ya'yansa suka zauna suka yanke shawara: in damina ta wuce dashen yana nan, a ba masu albasa wurin, Baba ya dawo wurinmu ya huta. Baba ya ce to.

Ni kuwa na san wannan hutun. Ya taɓa yin mako biyu a gidanmu yana jinyar gwiwa. Tuwo yakan dawo kamar yadda na kai shi. Zogalen da ke bayan ɗakina sau uku a yini yake ba shi ruwa, har ganyen ya fara rawaya. Ranar da aka mayar da shi ƙauye ne na sake jin dariyarsa.

Maƙwabciyata malama ce, tana koyar da kwamfuta a sakandaren 'yan mata. Ita na kai wa damuwata wata rana muna tsintar shinkafa.

"Ki buɗe masa shafi a intanet mana, Maman biyu," in ji ta.

"Malama, ni da ko kwamfuta ba ni da ita?"

"Wannan da kike kallon girke-girke a ciki fa? Ta isa."

Ta nuna mini cewa akwai wuraren da suke barin mutum ya gina shafi kyauta. Ka shiga da imel ɗinka, ka zaɓi tsari ɗaya cikin waɗanda aka riga aka shirya, ka cire hotunansu da rubutunsu ka sa naka. Adireshin kyauta yakan yi tsawo, da sunan masu wurin a manne a wutsiyarsa. In kana son gajere sai ka riƙa biya duk shekara. Ta ce in bar wannan tukuna, dogon ma yana kai mutum. Ta ce shafi ɗaya ya wadatar, muddin ya faɗi abu uku: wane ne, me yake da shi, ina za a same shi. Washegari ta tafi hutu garinsu, ta bar ni da wayata.

Ranar Juma'a da muka je gaida Baba na ɗauki hotuna. Sauran aikin tsakanin azahar da la'asar na riƙa yin sa, lokacin da gida yake shiru. Da fari na loda hoto goma sha biyu, shafin ya ƙi buɗewa sai na fita tsakar gida na ɗaga waya sama. Na tuna Malama ta ce a rage wa hoto nauyi saboda masu raunin sabis, na rage, na bar huɗu. Na rubuta irin mangwaron da ke akwai, paparanda da ɗan kamaru, da lokacin da ya fi dacewa a dasa, da faɗin ramin da za a haƙa. Har na ƙara yadda ake kare dashe daga awaki, don Baba ba ya sallamar mai saye sai ya yi masa wannan huɗubar. Na ji daɗin aikin ƙwarai. Rabona da in zauna in tsara rubutu tun ina aji shida.

Sai na zo gurbin da ke can sama, inda ake sa suna.

Shekara goma sha ɗaya ina gidan, bakina bai taɓa furta sunan surukina ba. Ko yaron maƙwabta ne mai irin sunan, "mai sunan Baba" nake ce masa. Na sa yatsa a kan harafin farko, na ji kamar yana tsaye a bayana. Sai na rubuta "Lambun Baba, ƙasar Gwaram, gefen fadama". Na duba na ga ya yi kyau, har da ladabi. Na sa lambar wayarsa a ƙasa, na yi bisimilla na saki shafin. Na tura adireshin a guruf ɗin matan Islamiyyarmu, maigidana ya tura a na direbobi.

Bayan kwana tara saƙo ya shigo ta akwatin da ke ƙasan shafin. Wani Alhaji ne daga Kano, ya sayi gona yana son cika ta da mangwaro. Ya ce ya ɗauko a-kori-kura tun da safe ya zo Gwaram. Ya kira lambar, a kashe. Ya tambayi 'yan acaɓa Lambun Baba, suka ce wane Baban? An kai shi lambu uku, kowanne da Babansa a zaune a ƙarƙashin bishiya, babu mai dashe ko ɗaya. Da la'asar ya juya da mota wayam. Ya rufe da cewa, "Allah Ya sa ba wasa ake da mutane ba."

Wayar Baba kuwa, ashe a kashe take yini a ƙarƙashin matashi, don kada ta faɗa ruwa.

Na yi kuka a ranar. Malama da ta dawo ta karanta, ta yi dariya har tana riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina.

"Abu uku na ce miki. Kin yi na biyu kamar littafi, kin yi rabin na uku, na farko kin ji kunyarsa."

Maigidana ya karɓi wayar ya ce, "Kawo, ni ai kullum ina rubuta shi a takarda." Ya rubuta sunan yanka na mahaifinsa da sunan ƙauyen. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Masu wannan sunan a ƙauyen sun kai biyar, kuma babu ɗan acaɓar da ya san Baba da shi. Sunan da kowa ya sani wani laƙabi ne da sa'o'insa suka manna masa tun suna samari, na tsokana ne, kan yadda yake tafiya.

"To rubuta shi mana, Malam," na ce.

"Ni? Wa ya gaya miki na gaji da albarka? Wannan kam sai mai shi."

Juma'a muka same shi yana cire ciyawa a tsakanin ledoji. Na durƙusa na gaishe shi, na fara kewaye-kewaye, har maigidana ya gaji ya faɗa masa komai, ya karanta masa saƙon Alhajin. Baba ya yi dariya har hularsa ta goce.

"Lambu uku! Allah sarki bawan Allah. Ke kuma 'yata, kin ɓoye ni don kada a sace ni?"

Na sunkuyar da kai.

"Yanzu in aka sa, wa zai gani?"

"Duk mai waya, Baba."

"Har mutanen Kano?"

"Har gaba da Kano."

"To ai shi ke nan. Shekara hamsin ina hana su kirana da shi, ba su bari ba. Bari ya yi mini aiki ko sau ɗaya."

Ya goge hannunsa a jikin riga. Ya yi ajin yaƙi da jahilci a zamaninsa, ya san baƙaƙen boko, sai dai yatsansa ya fi madannin girma, in ya nufi harafi ɗaya biyu suke fitowa. Maigidana ya riƙe masa wayar yana gogewa, shi yana sakewa yana mita. Ni na juya ina ƙirga ganyen wata gwaiba, sai da na ji ya ce, "Alhamdu lillahi, ga ni nan." A ranar ya yarda a riƙa ƙulle wayarsa a leda a rataya a reshe kusa da shi.

Na rubuta wa Alhajin na ba shi haƙuri, na gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Ya amsa da cewa matarsa ta ce ita ma da haka za ta yi. Ya dawo ranar Talata, ɗan acaɓa na farko da ya tambaya ya kai shi har bakin shinge. Bayansa wani malamin makaranta daga Kiyako ya zo, sai wasu mata biyu masu son gwaiba a tsakar gida. Dashen bai ƙare duka ba, amma layukan sun yi giɓi sosai.

Da kaka muka je gaba ɗaya, da yayyen maigidana. Muka tarar Baba ya tara taki da yashi, yana cika sababbin ledoji. Babban yayansu ya tsaya yana kallo, na ga bakinsa ya motsa. Sai ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya fara miƙa masa leda. Maganar masu albasa ba ta sake tasowa ba.

Har yau ni nake kula da shafin. In sabon dashe ya isa sayarwa na canza hoto, in wani iri ya ƙare na cire shi. Sai dai duk lokacin da shafin zai buɗe, babban yatsana yana riga ni zuwa saman wayar, ya rufe layin farko, sannan in ci gaba da aikina daga ƙasa.