Na'ana'ar Gindin Randa

Jiya a Sabon Gari mai shayi ya murje ganyen na'ana'a a gabana, sai na tuna kakata, raina kuma ya ɓaci.

Ka san mu a Maraɗi ba mu san na'ana'a da komai ba sai shayi. Kaka kaɗai ke cinta. Da ƙuruciyarta ta yi aikin girki a gidan wani Ba'indiye mai kantin yadi, matarsa ta koya mata daka ta ɗanya da barkono kore, gishiri da lemun tsami, a dama da kindirmo a zuba kan shinkafa. Ba a kai ta wuta, in ji Kaka, wuta na kashe mata rai. Ranar da za su koma ƙasarsu matar ta haƙo saiwa daga tukunyarta ta danƙa mata, suna kuka. Kaka ta dasa a gindin randa, inda ruwa ke ɗiga. Ko lokacin zafi wurin kore shar, kuma kan ganye kawai ake tsinka, ba a taɓa saiwa.

Wata shekara ta tafi Tsibiri jegon ƙanwar uwata. Ta kira autanta, kawuna, ta ce, "Ga amana nan. Ruwa safe da marece, kada kowa shi taɓa." Ya ce ta tafi hankali kwance.

Kawu yana da fada a ƙofar gida, samari da butar shayi. Tun suna tsinka har suka koma tumɓukewa, yana kallo yana dariya. Kafin a yi sati da suna babu ko tsinke. Da ya ji tana hanya sai ya hau babur zuwa lambunan Jiratawa, ya sayo ɗauri guda ya soke a ƙasa, ya kwarara ruwa. Ya kama kunnena ya ce in na buɗe baki sai na gane kurena.

Abin haushi, na'ana'ar ta kama. Kaka ta dawo ta daka, ta ɗanɗana, sai ta ce, "Halan bakina ne ya tsufa." Ta sa masa albarka har sau biyu. Har ta rasu tana shayar da na'ana'ar Jiratawa, tana yi wa ƙawarta addu'a a kanta. Wannan ne ban yafe ba.

Yanzu an shafe tsakar gidan da siminti, firij ya kori randa, gidajen abinci ma sun fara sayar da koriyar miyar a ƙaramin kofi. Kawu ya tsufa, ya bar wa na'ana'ar ɗan gurbi a bakin famfo. In baƙi sun zo yakan nuna musu da sandarsa, ya ce daga Indiya take, gadon mahaifiyarsa. Ko a gabana yana faɗa, bai taɓa sunkuyar da kai ba.