Ranar da Na Zauna a Bencin Baya

Shekarun baya, lokacin ina riƙe da aji huɗu a wata firamare ta wajen Dingaya, ina da wani tsari da nake ji da shi kamar ni na ƙirƙiro boko. Duk ƙarshen zango, wanda ya zo na ɗaya shi ke zama a bencin gaba, na biyu a gefensa, haka har a kai ga na ƙarshe, wanda ke jingina da bangon baya. Nakan bugi ƙirji in ce wa sauran malamai, "Wannan shi ne adalci. Kowa ƙwaƙwalwarsa ce ta zaɓar masa wurin zama."

A jikin bangon nan akwai wata yarinya zabiya, shiru-shiru, kullum tana ƙanƙance ido. In na tambaye ta da baki, ta amsa daidai. In aka zo kwafe allo, sai ka ga littafinta kamar kaji sun yi tono a kai. Zango biyu tana zuwa ta ƙarshe, ni kuwa na riga na yanke hukunci cewa lalaci ne.

Kakarta ce ke riƙonta. Wata ranar kasuwa ta tare ni ta ce, "Malam, in jikata ta sake zuwa ta ƙarshe, cire ta zan yi. Rana na ƙona ta a hanya a banza. Gara ta zauna a inuwa ta taya ni ɓarar gyaɗa." Na gyara zaman hulata na ce, "Inna, ai ita ce ba ta mai da hankali."

Ba a yi sati biyu ba aka tura mu bita Birnin Kudu. Na hau bayan babur ɗin abokina, malamin aji biyar. Muna faɗawa wani rami, tabarauna ya yi tsalle ya dira a kan kwalta, bas ɗin da ke bayanmu ta gama da shi. Ni kuwa in babu tabarau, daga nesa ba na bambance mutum da turmi.

Muka isa a makare, sai bencin ƙarshe ya rage. Mai bitar wata Hajiya ce da ba ta wasa. Na ji ta ce, "Ga kayan da malami zai iya tattarowa daga gida ya koyar da su," ta juya tana rubutu. Na ƙura wa allon ido, ban ga komai ba sai fari-fari kamar an watsa gari. Girman kai ya hana ni magana. Sai na karkata a hankali ina kwafe abin da abokina ke rubutawa. Ashe bawan Allah saƙon cefanen matarsa yake jerawa don kada ya manta.

Can sai Hajiya ta ce, "Malam mai gemu na can baya, karanto mana abin da ka kwafa."

Na miƙe, na yi gyaran murya, na karanto da ƙarfin hali: "Daddawa. Kuka. Busasshen kifi. Man ƙuli in ya yi araha."

Ɗakin ya kece da dariya, abokina ya shige ƙarƙashin benci. Hajiya ta girgiza kai ta ce, "Kai dai, Malam, ba ka mai da hankali."

Maganar da na faɗa wa tsohuwar nan ce, ba ragi ba ƙari. Na ce, "Hajiya, ba na ganin allon ne." Ta ce, "To me ya hana ka faɗa?" Ni da gemuna na kasa faɗa na awa ɗaya, ina kuma ga 'yar shekara tara?

Ran Litinin na rushe tsarina da hannuna. Na tambayi ajin wa ba ya gani sosai, wa ba ya ji sosai. Hannu uku suka ɗagu, dukansu daga baya. Na dawo da su gaba, 'yan gaba na ta gunaguni. Ita yarinyar na ajiye ta daf da allo, nesa da hasken taga, na koma yin rubutu manya-manya. Na kuma roƙi hedimasta aka mai da taron safe ƙarƙashin darbejiya.

Tana zama ta ɗago kai ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam, ashe gemu gare ka?"

Yara suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma hawaye ne ya cika min ido. Zango biyu ina auna ƙwaƙwalwarta, ita ko fuskata ba ta taɓa gani da kyau ba.

Ƙarshen zangon ba ta zo ta ɗaya ba, tsakiya ta zo. Kakarta ta aiko min da kwanon gyaɗa ɓararriya, da saƙon cewa ita kaɗai ta ɓare, don mai taya ta tana makaranta.

A da na ɗauka sai an kawo manyan na'urori daga birni kafin makaranta ta iya riƙe irin waɗannan yara. Ana bukatarsu, ban musa ba. Amma tawa makarantar benci ɗaya kawai ta buƙaci a matsar, kuma ni ne na tokare shi. Har yau in na shiga sabon aji, kafin in taɓa alli, sai na je na zauna a bencin baya, na cire tabarau na dubi allon tukuna.