Sista Serah Ba Ta Yarda da "Ba Komai"

Kullum Sista Serah kan iso ƙaramin asibitinmu na Durumi kafin masu ƙosai su kwashe kaskon farko. Ta jera benci, ta rataya abin sauraren ƙirji a wuya, sannan ta bi masu shigowa da wannan ido nata na mai gadin kasuwa. Ka ce kana shan magani, ta ce nuna kwalin. Ka ce ka daina goro, ta ce buɗe baki. A watan nan za ta ajiye aiki. Ni ba na saurin yabon mai farin kayan asibiti, don na ga iri-iri, amma wannan karon dole na yi.

Daga Filato ta zo, a shekarun da aka ɗauko kujerar mulki daga Legas aka dire ta a Abuja. Gari yana tashi, mu 'yan gefe kuwa muna barci da ido ɗaya, don ba wanda ya san ranar da masu rusau za su shafa wa bangonsa jan fenti. Faɗuwar gaba ta zama ruwan dare. Mutum yana zaune ƙalau, ya jiyo katafila daga nesa, sai zuciya ta hau dukan uku-uku.

Unguwa ba ta karɓe ta hannu bibbiyu ba. Tambayarta ta yi yawa: ina kake kwana, ku nawa ne a ɗaki, yaushe abin ya fara. Nan da nan aka ce 'yar leƙen asirin masu rusau ce, farin kayan basaja ne. Ta ji, ta ci gaba da aikinta. Duk wanda ya zo yana rantsuwa mutuwa zai yi, sai ta auna shi, ta tura shi babban asibiti a gwada bugun zuciyar. In likita ya ce lafiya, ta sa masa abin sauraren a kunne ya ji da kansa, ta koya masa jan numfashi a hankali, ta raba shi da shayi mai kauri. Mutane da yawa a hannunta suka dawo da barcinsu.

Sai kuma Lantana mai tuwo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da Lukmanu da ƙannensa. Rumfarta da leburorin gini ke cika ita ce cinsu, ita ce suturarsu. Lantana ta fara ramewa, hannu yana rawa har miya na zuba, ƙirji yana bugawa kamar ana daka. Wasu suka ce tsoron rusau ne, wasu suka ce jifa ce daga mai tuwon tsallake. Sista kuwa ta je sayen tuwo, ta tsaya tana kallo fiye da yadda mai saye ke kallo.

"Maman Lukmanu," in ji ta, "wannan zafi, kina gaban wuta, kuma kin naɗe wuya da gyale? Mene ne kina ɓoye?"

"Ba komai, Sista. Faɗuwar gaba ce irin ta kowa."

"Kowa bai rame kamar ke ba. Oya, zo bayan rumfa, ba mai gani."

A can Lantana ta kwance gyalen tana hawaye. Maƙoƙo ne ya kumbura mata a wuya.

"Ki rufa mini asiri, Sista," ta ce. "In leburori suka ga wannan, wa zai ƙara cin tuwona?"

"Asiri zan rufe, amma ciwo ba zan rufe ba. Gobe ni da ke, asibiti."

Da ƙafarta ta raka ta. Likitoci suka ce kumburin nan ne ke korar zuciyar, kuma da an ƙara jinkiri da ta gaji ta tsaya. Aka ɗora ta a magani, daga baya aka yi aiki. Duk tsawon jinyar Sista ta haɗa matan cocinsu da maƙwabtan Lantana suna karɓa-karɓa a rumfar, kuma ba wanda ya ji dalili daga bakinta. Ni ma daga Lantana na ji, ita ta ce in faɗa.

Ke ce, Sista, kika ɗauki zargin unguwa kika haɗiye, kika ci gaba da zargin ciwo a madadinmu. Mai ido a tsakar ka, wadda ba a yi wa wayo. Wallahi tafiyarki ta dame ni, don ban san wa zai ƙara ƙaryata mu saboda Allah ba. Mun gode, Allah ya saka, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku da za ku gaji bencin nan, kada ku sallami mai faɗuwar gaba da "ba komai" kafin ku duba, kada kuma ku karɓi kalmar daga bakinsa. Jiya na tambayi Lantana abin da za ta ce game da tafiyar Sista. Ta ajiye muciya ta ce, "Ranar da ta sa na kwance gyalen nan ban tsani kowa kamarta ba. Ka gaya mata jibi ne sunan jikata, ta zo, kuma ni zan tuƙa tuwon da hannuna."