Ɗinkin Ƙarshe a Takalmin Dogo

Kawuna mai gyaran takalma ne, a wata rumfar kwano da ke jingine da katangar tashar mota. Tun ina yarinya yake wurin, a kan benci mai ƙafa uku da dutse ɗaya, basilla a hannu, ƙusoshi a baki. Yana da wata ɗabi'a mai ƙona ran masu sauri: ba ya ƙarasa ɗinkin ƙarshe sai mai takalmi ya zo ya zura ƙafarsa. In ka yi ƙorafi ya ce, "To ƙafar wa zan auna, tawa?" Kuma ba ya rufa wa takalmi asiri. In ya ga ya gama yayi, zai juya shi sau ɗaya ya miƙa maka: "Wannan ya mutu, kai shi juji."

Matarsa ta rasu bayan doguwar jinya. Bai gama farfaɗowa ba sai ɗansa tilo, wanda muke kira Dogo, direban babbar mota, ya kawo masa gyaran takalminsa na fata ya ce zai karɓa in ya dawo. Motar ta kife a hanya, Dogo ya rasu. Takalmin ya zauna a kan kantar rumfa, zaren ɗinkin ƙarshe na reto a dunduniya.

Daga nan Kawu ya fara sakin rayuwa. Ni nake kai masa abincin rana, sai in dawo da kwanon yadda na kai shi. Yau ya buɗe rumfa, gobe ya ƙi. Na ji tsoro ƙwarai, don na lura ranar da babu aiki a hannunsa ko ruwa ba ya sha.

Wata rana na yi masa faɗa, ni da ban iya riƙe bakina ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Uwar magana, tambaya ɗaya. Takalmi in ya wuce gyara ina gaya wa mai shi gaskiya. Mutum fa? Wa ke gaya masa?"

"Kawu, ka ji tsoron Allah, ka daina irin wannan magana."

"Ina tsoronSa. Shi ya sa har yanzu kike ganina. Amma ki faɗa mini, me ake jira? In tashi, in liƙa tsumma, in kwanta, in sake tashi. Don wa?"

Na yi ta lalube a kaina, duk abin da na samo irin maganar da ake yi wa masu makoki ce, shi kuwa ya ji ta har ya ƙoshi.

Sai na koma dabara. Na bi maƙwabta ina roƙon takalma masu ciwo ina kai masa. Da suka ƙare, na ɗauki reza na tsinke ɗinkin nawa takalmin, wanda lafiyarsa ƙalau. Ya karɓa, ya bi wurin da babban yatsa.

"Wannan ba tafiya ce ta ci shi ba," ya ce a hankali. "Tafiya cin zare take, ba ta yanka shi."

Kunya ta kama ni, hawaye suka zubo. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗinke shi tsaf, ya sa na zura ƙafata, ya ƙulle zaren. "Kada ki ƙara lalata abu mai rai saboda ni."

Washegari na tarar da shi a zaune, rumfa a share, basilla a goge cikin akwati. Takalmin Dogo na kan cinyarsa yana sheƙi. Na duba dunduniyar, babu zaren da ke reto.

"Kawu, ai ba a auna ba."

"Babu mai zuwa," ya ce. Ya miƙo mini. "Ba wa mai ƙafa."

Bai sake buɗe rumfar ba. Yana nan da rai a ɗakinsa, fuska ga bango, wani lokaci ya ci loma biyu don kada in yi kuka. Tambayarsa tana bina har wurin aiki, kuma har yau ban samo abin ce masa ba. Takalmin Dogo kuwa ban ba kowa ba. Jiya na zauna da shi da reza a hannuna, na daɗe ina kallon ɗinkin nan na ƙarshe, na kasa tsinke shi.