Tutar Kakana Mai Taurari Biyu

Jiya ina laluben maɓalli a tsohon gwangwanin madara, sai yatsana ya taɓo wani ɗan ƙyalle rawaya mai kusurwa biyar. Har yau ƙanshin man keken ɗinki bai sake shi ba. Na zauna bakin gado ina dariya ni kaɗai, har 'yata ta leƙo ta ga ko lafiya. Ku bari in gaya muku yadda ƙyallen nan ya kusa sa ƙasa ta tsage in shige.

A New Bell na tashi, unguwar Hausawa a birnin Duwala na Kamaru, gidan kakana na wajen uba. Tela ne, ya zo Duwala tun yana saurayi. Lokacin da nake ba ku labari yanar ido ta rufe masa gani, ba ya zuwa ko'ina sai masallaci, amma in ya ɗora ƙafa a keke duk layin sai an ji. Amaryarsa yake ce min, ni kuma in ce Allah ya tsare ni da miji mai haƙori uku.

Shekarun matsi ne. An rage albashi, wata rana a wayi gari kasuwa a rufe, ba taksi, sai hayaƙin taya daga bakin titi. Ana cikin haka bikin ranar ƙasa ya matso, malaminmu, wanda muke ce wa Metir, ya zaɓe ni in shiga gaba da tuta a fareti. Sai dai ta makaranta damshi ya cinye ta, dole in zo da tawa. Wata yarinya da ke son wurin ta ce a gaban kowa, da Faransanci, wai 'yar Najeriya ba ta riƙe tutar Kamaru. Ni da aka binne cibiyata a bayan ɗakin innata! Wallahi maganar ta ci min rai, da kuka na isa gida.

Kaka ya ji, ya ja tsaki, ya sa aka jawo masa buhun ƙyallaye. Kore daga ragowar babbar riga, ja daga tsohon zani, rawaya daga labule. Ya kore mu duka, ya ce ba ya son 'yan kallo. Ranar biki da safe, ana yayyafin nan na Duwala mai naci, ya miƙo min ita a naɗe jikin sanda, an rufe da leda. Ko buɗewa ban yi ba, na zura da gudu.

A fili na warware ta. Kore, ja, rawaya, ɗinki kamar zane. Amma tsakiyar jan, inda tauraro ɗaya ya kamata ya zauna, wayam, ga taurari biyu zaune a kan kore. Metir ya kalli hagu, ya kalli dama, ya naɗe ta da sauri. Ashe tsohuwar tuta ce, ta lokacin da ɓangaren masu Faransanci da na masu Ingilishi kowa ke da tauraronsa, kuma a kwanakin nan masu Ingilishin sun fara ta da maganar, ɗaga irinta na iya jawo tambayar jandarma. Yarinyar nan har ta fara gyara ɗamara. Metir ya duba agogo, ya kama hannuna, sai gida.

Muka tarar da Kaka yana shan koko. Metir ya durƙusa, ya yi bayani da guntuwar Hausarsa. Kaka ya shafa tutar da yatsu, ya fashe da dariya har da tari, ya jawo wani tsohon kwalin awo daga ƙarƙashin keke.

“Ɗana, da kwalin nan na yanka wa makarantarku tuta shekarar da aka haɗe ƙasar nan. Kai lokacin kana goye. Na ji an canza, hannun ne ba a gaya masa ba.”

Metir ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni kuwa agogonsa kawai nake kallo.

Dariyar ce ta shigo da Mami, mutuniyar Bamenda a ɓangaren masu Ingilishi, da ke toya makala, wato fanke, a ƙofar gidanmu. Da ta ga tutar sai ta tsaya cak, ta goge hannu a zani kafin ta taɓa. Ta ce irinta ce a ɗakin babanta tana yarinya. Idonta ya kawo ruwa, amma ita ta nemi reza ta warware taurarin, don idonta ya fi na kowa. Kaka ya auna tsakiya da taƙi, ya dasa ɗaya, keke ya yi kukansa. Ɗayan kuma Mami ta ƙulle min a bakin ɗankwali.

“Wannan nawa ne. Ki riƙe min, ki je da shi.”

Da gudu muka koma, muka tarar har an jera. Metir ya tsai da ni a gaba, ya faɗa wa aji da ƙarfi wane ne ya ɗinka wa makarantar nan tutarta ta farko. Ban ko waiwayi yarinyar ba, kaina ya yi girma. Ruwa ya tsuge, jan zanin ya zuba a farar rigata, ina tafe ina buga ƙafa kamar soja. Da muka biyo bakin layinmu, ga Kaka a tsaye Mami na riƙe masa lema, yana ta tambaya ko amaryarsa ta wuce. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yanzu tuta ta leda ake sayarwa a cunkoson motoci, ba wanda ya san hannun da ya yi ta. Kaka ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Mami ta koma garinsu da tsufa ya zo, kuma tun da yankinsu ya rikice ban sake jin ɗuriyarta ba. 'Yata ta juya ƙyallen a hannu, ta ce tsumma ne, ko ta yar? Na karɓe, na mayar gwangwani, na ce mata ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni.