Abin da Ke Cikin Samirar Hajiya

Ni tun farko matar nan mai koyar da girki a intanet ba ta kwanta mini ba. Girki kam ta iya, ba musu. Ni kaina a bidiyonta na gyara hannuna a alkubus. Amma ranar da ta ajiye ludayi ta fara cewa jiƙonta na hulba da tafarnuwa yana korar ciwon suga, har mutum ya watsar da maganin asibiti, na ce to, an zo wurin.

Da aka rufe shafukanta, masu ba ta talla suka janye, sai na yi hamdala. Ashe a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi daraja aka ƙara mata. "Gaskiya ta faɗa, shi ya sa suka toshe mata baki," in ji Hajiyar da ke katanga ɗaya da Innata. Ita ce kullum take aiko wa Inna jiƙon a samira.

Inna ta daɗe da suga. Duk zuwan da zan yi daga Unguwa Uku sai na duba maganinta, kuma yana raguwa yadda ya kamata. Amma ga ta tana ramewa, buta ba ta hutawa, ɗan ciwon da ta ji a yatsan ƙafa ya ƙi kamewa. Sai na fara zargin ba ta shan maganin. Na leƙa kwandon shara, na ɗaga katifa, har bakin rariya na tsuguna. A banza. Na dai san Inna ba ta zubar da abin amfani, ko ƙanzo ne.

Wata rana da hantsi ta wanke samirar, ta shige ɗaki da ita, ta fito da ita a rufe.

"Kawo in miƙa mata, Inna."

Da ƙyar ta sakar mini. A soro na buɗe. Ƙwayoyin maganinta ne ƙulle a leda. Mu ba ma mayar da kwanon maƙwabci haka nan, ko goro ne sai an saka.

Raina a ɓace na yi sallama gidan Hajiya, na dire mata.

"Hajiya, me kike yi da waɗannan?"

Ko kunya babu. "Sha nake yi mana, 'yar nan. Ni ma ai ina da sugan."

"To jiƙon fa?"

"Ina ɗan kurɓa. Amma wa zai saki magani gaba ɗaya ana zaune ƙalau?"

Na dawo gida. Inna tana kan tabarma, ta miƙe ƙafar tana kore ƙuda daga yatsan da mafici. Ta ɗago ta tambaye ni ko Hajiya ta gode.